Mai Dafa wa Unguwa

Garwashin ya faɗo wa Yaya a ƙafa tana cikin tura itace ƙarƙashin babbar tukunya, amma ba ta ji ba. Sai da ƙauri ya bugi hancinta ta duba ƙasa, ta gan shi lafe a gefen babban yatsanta na dama, ya cinye silifas ya shiga nama. Ta sa ludayi ta ture shi, ta watsa wa wurin ruwa, ta yagi bakin tsohon zani ta ɗaure. Shinkafa na neman kamawa, ba lokacin zama ba ne.

Kicin ɗin rumfar kwano ce a bayan gidan ƙaninta, tsakanin bangon banɗaki da tankin ruwa. A nan ake dafa abincin da ƙungiyar unguwa ke kai wa tsofaffin da ba su da kowa da marasa lafiyar da ke kwance. Ƙanin nata shi ne shugaban ƙungiyar. A waje kowa Shugaba yake ce masa, ita kuwa har gobe Auta take kiransa, don a bayanta ya girma. Ranar da aka kafa shirin ciyarwar, da aka zo kan wa zai riƙa dafawa kowa ya sunkuyar da kai, shi ya miƙe ya ce, "Gidana ya ɗauka." Aka tafa masa. Yaya ba ta wurin taron. Tana ɗakinta na can bayan gida, inda take zaune tun rasuwar mijinta, sai ji ta yi ana sauke tukwane a bakin ƙofarta.

Ba wanda zai ce ƙungiyar ba ta aiki. Sun yashe kwatocin da suka shekara suna wari. Sun sa fitila a lungun da ake ƙwace wa mata waya. Sun buɗe ɗan ɗaki inda wata nas ke auna jini da suga kyauta, sun kuma sayi keke mai ƙafa uku na kai marasa lafiya asibiti, wanda shi ne ke rabon abincin da rana. Mutanen unguwa kan faɗi wannan da alfahari, kuma suna da gaskiya.

Mai Keke ne ya fara lura. Ya shigo ɗaukar kuloli ya ga tana jan ƙafa.

"Yaya, yau kuma sabon salon tafiya aka fito da shi? Ko mu ma za a koya mana?"

"Kai dai ɗauki kayanka, ɗan nema. Wuta ce ta ɗan lashe ni."

"Ki leƙa wurin Nas mana. Ga shi nan bayan layi."

"In na leƙa kai za ka tsaya mini a kan miya?"

Ya yi dariya ya kwashi kulolin ya fita.

Wurin bai warke ba. Ya yi baki ya buɗe, yana tsatsar da ruwa, tsumman ya riƙa mannewa sai ta jiƙa shi kafin ya ɓanɓaru. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne ba ya mata zafi. Ƙafar dai ta yi nauyi kamar ba tata ba, ga ƙishirwa da ba ta ƙarewa, ga jiri in ta miƙe daga tsugunne. Duk da haka kullum da safe ita ce wanke shinkafa, tsince wake, yanka albasa, ɗora wannan sauke wancan, sannan in an gama rabo ta zauna wankin kulolin da suka dawo da maiƙo.

Wata safiya matar Shugaba, wadda kowa ke kira Madam, ta leƙo bayan gida kafin ta fita. Ita ke jagorantar ajin ɗinki na matan ƙungiyar. Ta tsaya nesa da rumfar tana kare hanci da gyale.

"Yaya, wani abu na wari a nan. Ko ɓera ne ya mutu bayan tanki?"

"Ƙafata ce," in ji Yaya. "Maman yara, da za ki ɗan riƙe mini tukunyar nan yau kawai, in je a duba ni."

"Wayyo Yaya, sannu. Wallahi kin san ƙirjina da hayaƙi, yanzu sai a kwashe ni. Ga mata can suna jirana, ni ke da makullin ɗakin kekunan ɗinki. Ki gasa wurin da ruwan gishiri, yana yi sosai. In na dawo zan taho miki da man shafawa."

Ba ta taho da shi ba. Da ta dawo ta ce kanta ya ɗau zafi, ta manta.

Nas ta zo gidan ne a kan wata magana daban, tana son a riƙa rage gishiri a kular wani tsoho mai hawan jini. Tana shiga rumfar ta dubi ƙafar, ta ce Yaya ta zauna. Ta kwance tsumman a hankali. Yatsan ya yi baƙi, kumburin ya haura idon sawu, fatar tana sheƙi. Ta ciro abin gwaji daga jaka ta tsikari yatsan hannun Yaya, ta dubi abin da ya nuna, ta sake dubawa.

"Yaya, kin san kina da suga?"

"An taɓa faɗa mini, da daɗewa."

"Wannan ƙafar ba ta ɗakina ba ce, ta asibiti ce, kuma yau. Sannan ba tsayuwa, ba zama kusa da wuta. Ina Shugaba?"

Yana falo da waya a kunne. Ya yi mata alama ta zauna, ya gama, ya saurare ta da kyau har yana gyaɗa kai. Mutum ne mai sauraro, shi ya sa ake son shi.

"Na gode, Nas, Allah ya saka. Zan kai ta da kaina. Bari dai mu sallami baƙin nan."

"Waɗanne baƙi?"

"Shugabannin unguwannin maƙwabta. Za su zo ƙarshen mako su ga yadda muke ciyarwa, su ma su kafa nasu. Ki duba yawan tsofaffin da za su amfana in abin ya yaɗu. Ba zai yiwu su tarar da murhu a kashe ba."

"To a ba Mai Keke ya kai ta yanzu, ya dawo da ita."

Shugaba ya gyara zama. "Kin san doka. Shugabanni da iyalansu ba sa amfani da kayan ƙungiya. Ni na kawo dokar nan da bakina, kuma ita ta riƙe mu har yau. Ranar da aka ga yayata a cikin keken nan, gobe za a ce Shugaba ya mai da kayan jama'a na gidansa. Shi ke nan an gama da mu."

"Ranka ya daɗe, ƙafa ce fa ke ruɓewa."

"Yayata ce, Nas. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ba wanda zai fi ni jin ciwonta."

Nas ta wanke ciwon ta naɗe da bandeji, ta ce za ta riƙa zuwa. Ta kuma kai maganar taron mata, ta ce a raba girkin, kowane gida ya ɗauki rana. Aka ce wallahi gaskiya ne, baiwar Allah nan tana ƙoƙari. Washegari mata huɗu suka zo, suka yi aiki da hira da dariya, Yaya ta zauna a kan buhu da ƙafa a miƙe tana nuna musu ma'aunin ruwa. Kashegari biyu suka zo. Daga nan ɗaya ta ce ɗanta ba lafiya, ɗaya ta ce maigida ya ce ita ba kuku ba ce a gidan wani. Wata ta aiko da cewa ai hannun Yaya daban ne, tsofaffin sun saba da shi, in an canja sai su ƙi ci. Kafin baƙi su zo rumfar ta koma yadda take, Yaya da tukwanenta.

Ranar zuwan baƙin, Shugaba ya shigo bayan gida da sassafe riƙe da safa da takalminsa sau-ciki.

"Yaya, daure ki sa wannan. Kar su ga bandeji a wurin abinci, ba daɗi."

"Auta, ba za ta shiga ba. Dubi yadda ta zama."

"Za ta shiga, nawa ne, ya fi ƙafarki girma. Na ɗan lokaci ne."

Ya durƙusa da kansa ya zura mata safar, ya kama dunduniyar ya tura. Da takalmin ya ƙi, ya sassauta igiyar ya sake turawa har ya shige. Ya ɗago yana murmushi, ya ce, "Kin gani?" Sannan ya fesa turare a rumfar.

Baƙin suka zo da manyan riguna, suka zagaya, suka leƙa tukwane, suka ɗauki hotuna. Wani dattijo a cikinsu ya tsaya gaban Yaya ya ce, "Shugaba, mu fa matsalarmu ke nan, masu aikin sa kai. Kowa sai ya ce me za a ba shi. Ina kuke samun irin wannan baiwar Allah?"

"Daga gida ake farawa," in ji Shugaba. "In ba ka ba da naka ba, ba ka da bakin roƙon na wani."

Suka jinjina kai, wani ya ce a maimaita ya ɗauka a waya. Dattijon ya ce, "Mama, ko za ki ce mana wani abu?"

Yaya tana riƙe da sandar rumfa don kar ta faɗi. Gumi na bin wuyanta. Ta ce, "Sannunku da zuwa."

Da suka tafi, sai da Nas ta sa almakashi ta farke takalmin kafin ƙafar ta fito. Safar ta jiƙe sharkaf. Baƙin ciwon ya ci yatsu uku.

Da la'asar Yaya ta aika a kira mata ƙaninta. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba.

"Auta, baƙi sun tafi."

"Sun tafi, Yaya, kuma kin fitar da ni kunya. Allah ya biya ki."

"Ka ce in sun tafi za ka kai ni."

"Zan kai ki. Gobe dai akwai aikin kwata a layin makaranta, ni zan tsaya a kai. Jibi in Allah ya yarda."

"Na gaji, Auta. Ba raki nake ba. Jikina ba daɗi, ko ruwa na sha ba ya zama. Ka nemi wata ta dafa."

Ya sauke murya. "Wa zan nema, Yaya? Kin ga dai yadda matan suka yi. So kike in je in tsaya gaban makahon nan na bakin kasuwa in ce masa yau babu? Ko tsohuwar nan mai shanyewar ɓarin jiki, da ba ta da wanda zai miƙa mata ko ruwa? Ke kina da ni. Kina da ɗaki, kina da abinci, ba wanda ya taɓa ce miki tashi. Su fa? Wannan aikin lada ne, ke ma kin sani. Ni da zan iya girki da na karɓe ki."

Maganar ɗakin ta ji, ta kuma gane. Ya tsaya kaɗan, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ja mata labule.

Jibin ya zo ya wuce. Aka yi rasuwa a layin baya, Shugaba ne a kan komai. Bayan nan famfon unguwa ya lalace. Bayan nan aka kira shi sulhu tsakanin wasu maƙwabta da ke rigima a kan bango. Kullum in zai fita yakan leƙo ya ce, "Yaya, ya ƙafar? Ina sane, wallahi ina sane." Ita kuma ta koma girki a zaune a kan turmi, tana jan jiki daga tukunya zuwa tukunya. Zazzaɓi ya riƙa rufe ta tun hantsi. Ta fara mantuwa, ta zuba gishiri sau biyu, wata rana ba ta zuba ba sam. Mai Keke ya dawo da saƙo, wai tsofaffi sun ce a gaya wa mai girki abinci ya canja.

"Ban so in faɗa miki ba," in ji shi. Yau babu wasa a bakinsa. "Yaya, ki hau in kai ki. In Shugaba ya yi faɗa ni zan ɗauka."

"A kore ka a kaina? Kana da yara. Bari dai, ya ce gobe."

Ba ta kai goben a tsaye ba. Da safe Mai Keke ya shigo ya tarar da ita kwance a gefen tanki, bokiti a kife, ruwa ya jiƙa mata zani, tana sambatu tana kiran sunan mijinta. Wuta na ci a ƙarƙashin tukunyar da ba komai a ciki. Bai tambayi kowa ba. Ya ƙwala wa Madam kira, suka cicciɓe ta suka sa a keken, ya ja.

Likitan bai yi dogon bayani ba. Ya ce ruɓar ta shiga jini, in ana son ranta sai an cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ya tambayi wanda ke kula da ita a gida. Shugaba ya ce shi ne. Likitan ya dube shi, ya miƙa masa biro ya sa hannu a takardar aikin.

Da ta farfaɗo ta gan shi zaune a gefen gado yana kuka, kuka na gaske, har majina. Ya kama hannunta.

"Yaya, me ya sa ba ki gaya mini abin ya kai haka ba? Ke kullum sai ki ce da sauƙi. Wallahi da na sani da na ajiye komai."

Ta dube shi, ta dubi inda bargo ya kwanta shafal a ƙasan gwiwarta ta dama. Ta juya fuska ga bango.

Tana asibiti shirin ciyarwa ya wargaje. Mata suka gwada karɓa-karɓa, aka ƙona tukunya, aka yi cacar baki a kan wa ya bar kuloli ba wanki, Madam ta ce ba za a mayar mata da gida kasuwa ba. Aka koma raba burodi, daga baya shi ma ya tsaya. Tsohuwar mai shanyewar jiki ta kwana biyu ba ta ci ba kafin wani ya tuna da ita. A lokacin ne unguwa ta san abin da Yaya take yi, aka kira taron gaggawa. Wani ya miƙe ya ce abin kunya ne a ce matar da ta ciyar da unguwa ta rasa ƙafa ƙungiya ba ta yi mata komai ba, a ɗage dokar nan a kanta. Shugaba ya ƙi, aka matsa masa, ya ce to tunda jama'a sun nace. Aka yi karo-karo. Wani magini a cikin taron ya ce shi aikinsa kyauta ne.

Ranar da aka sallamo ta, tsakar gidan cike yake da mutane. Ga sabon keken guragu, ledarsa ma ba a gama cirewa ba. Aka ɗauko ta daga mota, maza biyu suka haura da ita matakalar ƙofar gida, suka zaunar da ita a ciki. Mata na ta sannu, wasu na share hawaye. Yaya ta shafa hannun keken. Rabon da a yi mata wani abu nata na kanta har ta manta, sai ta ji idonta ya kawo ruwa.

"Ba a gama ba," in ji Shugaba. "Magini, nuna mata."

Ya kama keken ya tura ta zuwa ɗakinta. An fasa dokin ƙofar, an zuba siminti mai santsi, gangare mai kyau da ya sauka daga bakin ɗakin. Ya bi da ita kan simintin, jama'a na biye. Hanyar ta wuce tanki, ta lanƙwasa, ta shiga rumfar girki, a nan ta ƙare.

An sake ginin murhun. Magini ya yi bayani yana murna da aikinsa: ya ɗaga nan, ya sauke can, yadda mai zaune zai kai hannu cikin tukunya ba sai ya miƙe ba. Ga teburin yanka albasa daidai gwiwa. Ga tiyo an jawo daga tanki, ba sauran ɗaukar bokiti.

"Kin ga yanzu ba tsayuwa," in ji Madam. "Ai dama tsayuwar ce ta jawo."

"Ba yau ba fa," Shugaba ya yi saurin cewa. "Ki huta tukuna, ki warke sosai. Ko zuwa makon gobe."

Aka tafa. Nas tana can baya, ta buɗe baki za ta yi magana, wata ta dafa ta ta ce ba yanzu ba, kar a ɓata taro. Mai Keke ya juya ya fita.

Yaya ta dubi murhun ta daɗe. Sannan ta ce, "Auta, ƙofar gida fa? Matakalar nan, ta yaya zan sauka in zan fita?"

Shugaba ya dubi Magini. Magini ya sosa ƙeya ya ce simintin iya nan ya kai.

"Za a yi, Yaya," in ji Shugaba. "Ai ba inda za ki yanzu."

Har yau ba a yi ba. Shirin ciyarwa ya dawo, har an ƙara gidaje, unguwanni biyu sun kafa nasu a kan tsarin namu. Duk wanda ya bi ta bayan gidan da hantsi zai ji ƙarar ludayi da ƙugin tayar keke a kan siminti. Ɗayar ƙafar ta fara kumbura, Nas ta gani ta faɗa, an ce mata ana sane. Tsofaffin da ake kai wa kuloli suna sa wa Shugaba albarka kullum, kuma ba laifinsu ba ne, sunansa kaɗai suka sani. Sauran mu da muka san wadda ke bakin wutar, in mun haɗu da shi a hanya mukan ba shi hannu biyu, mu ce Allah ya ƙara mana irinsa.